Littattafan da Ke Hasashen Ƙasa Ta Rabe Saboda Addini: Tambayoyin Masu Karatu a Zariya da Amsoshinsu

A 'yan shekarun nan akwai wani nau'in littafi da ke yawo a hannun ɗalibai da ma'aikata a Zariya, daga Samaru har Kongo. Labari ne da ke ɗaukar mai karatu ya kai shi shekaru talatin ko hamsin gaba, ya tarar ƙasa ta tsage gida biyu, kowane ɓangare da addininsa da sojansa da shingensa. Duk wanda ya karanta sai ya zo da magana: wani da fushi, wani da fargaba, wani kuwa daɗin labarin kawai ya kwasa. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda suka fi dawowa a zaman karatun da muke yi.

Wane irin littafi ne wannan da ake ta magana a kansa?

Ƙagaggen labari ne da ya haɗa abu biyu. Na farko shi ne hasashen mummunar makoma, inda marubuci zai ɗauki wata ɓaraka da yake gani a zamaninsa ya ja ta gaba har inda za ta iya kaiwa in ba a tare ta ba. Na biyu shi ne salon tsere da farauta: ɗan leƙen asiri, makashin haya, sirrin da ake zubar da jini a kansa, da gajerun babi da ke hana mutum ajiye littafin ya kwanta. Yawanci an yi wani babban bala'i, yaƙin basasa ya biyo baya, aka shata iyaka. Jarumin kuma yakan zama wanda aka tura ya tsallaka iyakar, neman wata da ta ɓace ko wata shaida da za ta tona yadda rabuwar ta faro.

Kusan duka da Turanci suke zuwa mana, wasu ta waya, wasu ta hannun masu shimfiɗa littattafan gwanjo a bakin titi a Samaru. Wanda ya saba tsayawa a wurinsu ya san kamannin: bango mai duhu da rana ta koɗar, takardun ciki sun yi ja, a shafin farko akwai sunan tsohon mai littafin da biro, wani lokaci har da hatimin wani laburare na Ingila ko Amurka da ya sallame shi.

Musulunci kaɗai marubutan nan suke sa wa ido?

A'a, amma gaskiya ce cewa bayan harin 11 ga Satumba 2001 rubutun da ke ɗora tsoro a kan Musulmi ya yawaita a Turai da Amurka. Wanda aka fi kawo mana shi ne *Prayers for the Assassin* na Robert Ferrigno, da ya fito a 2006. Ya kai labarinsa shekarar 2040, lokacin da Amurka ta rabe: yawancin jihohi sun zama jamhuriyar Musulunci mai hedkwata a Seattle, jihohin kudu kuma sun zama ƙasar Kiristoci. A Faransa, Michel Houellebecq ya fitar da nasa a Janairun 2015, inda ya ƙaga cewa Musulmi ya ci zaɓen shugaban ƙasa a 2022.

Sai dai akwai ɗaya gefen. Margaret Atwood, 'yar Kanada, tun a 1985 ta rubuta labarin masu tsattsauran ra'ayin Kirista da suka kifar da gwamnatin Amurka, suka hana mata karatu da mallakar dukiya. Prayaag Akbar na Indiya kuma a 2017 ya fitar da *Leila*, labarin birnin da aka yanka shi unguwa-unguwa da dogayen katangu, kowace al'umma a bayan tata, da wata mata da ta auri Musulmi aka kashe mijin aka raba ta da 'yarta. A nan Musulmi ne wanda aka zalunta.

Abin da na lura shi ne kowane marubuci tsoron garinsu yake rubutawa. Saboda haka kafin ka shiga babi na ɗaya, duba shekarar da aka buga littafin da ƙasar marubucin, ka tuna me ake ciki a can a lokacin. Rabin fahimtar littafin tana nan.

Abin da suka rubuta zai faru ne? Wannan ba duba ba ne?

Ba duba ba ne. Mai duba yana da'awar sanin gaibu, yana kuma so ka gaskata shi. Marubucin labari tun a bango ya gaya maka ƙage ne. Ayar ƙarshe ta Suratu Luƙman ta riga ta yanke magana cewa babu rai da ya san abin da zai aikata gobe, kuma tarihin littattafan kansu ya tabbatar da haka. Shekarar 2022 ta zo, Faransawa suka sake zaɓen Emmanuel Macron. Musulmin Amurka kusan kashi 1 ne cikin 100 na jama'ar ƙasar, ina su ina kafa jamhuriya. George Orwell ya buga nasa a 1949 ya sa wa mummunan zamanin shekarar 1984, shekarar ta zo ta wuce Ingila ba ta koma yadda ya zana ba.

Duk da haka har yau ana karanta Orwell, saboda abin da ya nuna game da gwamnati mai leƙen jama'arta da mai sauya tarihi ya dace da wurare da yawa. Amfanin irin wannan labari ke nan: ba ya gaya maka gobe, yana sa ka ƙara duban yau. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa.

Malam, ya halatta in karanta labarin da na san ƙage ne, ga shi kuma ya taɓa addini?

Fatawa ta malamai ce, kowa ya kai tambayarsa wurin wanda ya amince da iliminsa. Abin da zan iya ajiyewa a gaban mai tambaya shi ne ƙagaggen labari ba baƙo ba ne a zaurukan karatu na Zazzau. Muƙamatul Hariri, wanda Hariri na Basra da ya rasu a 1122 ya rubuta, maƙamomi 50 ne a kan yawace-yawacen Abu Zaid as-Saruji, mutumin da marubucin ya ƙaga. Malamai sun daɗe suna karantar da shi a cikin birni don lugga da balaga, ba wanda ya ɗauki Abu Zaid a matsayin mutumin tarihi, ba kuma wanda ya ce Hariri ya yi ƙarya.

Don haka nauyin maganar ya fi komawa kan abin da ke cikin littafin. Wasu daga cikinsu akwai batsa ƙarara, na Houellebecq na daga ciki, wasu kuma akwai bayanin kisa da azabtarwa da ke tayar da hankali. Wanda ya ci karo da izgili ga Allah ko Annabawa, ko ya ji littafin na ɓata masa zuciya, ya rufe ya ajiye. Babu littafin da yake bin ka bashin sai ka kai ƙarshensa. 'Yan'uwanmu Kiristoci ma suna kawo irin wannan tambaya, musamman a kan na Atwood, kuma amsar da nake ba su ba ta bambanta ba.

Me ya sa labarin ke sosa ran mutumin Zariya haka, alhali ba a kanmu aka rubuta ba?

Saboda taswirar da marubucin ya ƙaga ba baƙuwa ba ce a idonmu. Tun zuwan jirgin ƙasa wajen 1911 Turawan mulkin mallaka suka zaunar da garin nan kashi-kashi: Birni na 'yan ƙasa a cikin ganuwa, Tudun Wada na baƙi 'yan Arewa, Sabon Gari na waɗanda suka zo daga Kudu, su kuma Turawa suna nasu gefen. Ba don addini kaɗai aka yi tsarin ba, amma ya bar mana unguwannin da kowa ya san wa ya fi yawa a cikinsu.

Sai rikice-rikicen da suka biyo baya. Na Maris 1987 ya tashi daga Kwalejin Ilimi ta Kafanchan, aka yi asarar rayuka da wuraren ibada a can, cikin 'yan kwanaki ya iso Zariya aka ƙona coci-coci masu yawa. Ga Zangon Kataf a 1992, ga rikicin Shari'a na Kaduna a 2000, ga na gasar sarauniyar kyau a 2002, ga na bayan zaɓen 2011 da aka kashe Musulmi da yawa a Zonkwa da kewayenta, sai bama-baman 17 ga Yuni 2012 a cocin Katolika na Sabon Gari da cocin ECWA na Wusasa. Duk wanda ya lafa, sai wasu iyalai su ɗaure kaya su koma inda nasu suka fi yawa. A Kaduna abin ya fito fili har kogin ya zama tamkar iyaka, Musulmi suka taru a arewa, Kiristoci a kudu.

Je ka nemi hayar gida yau ka gani. Kafin dillali ya faɗi kuɗin shekara ko ya nuna maka rijiya, sau da yawa sai ya rage murya ya ce, "Alhaji, unguwar tamu ce, ba ka da matsala," ko ya ce wa wata, "Madam, can gaba za ki fi sakewa." Ba doka ce ta sa shi ba, shi a ganinsa ma taimako yake yi. Wanda ya saba jin wannan, in ya karanta labarin ƙasar da aka raba da waya da shinge, ba Amurka yake gani ba.

Na karanta raina ya ɓaci, abokina ya ce shi daɗi ya ji. Wa ke da gaskiya a cikinmu?

Kowannenku ya faɗi abin da ya ji, kuma ba littafi ɗaya kuka karanta ba ko da bangon ɗaya ne, don kowa da abin da ya shigo da shi. Matasan da suka taso bayan 2012 sukan bi labarin don tseren da ke ciki. Waɗanda suka ga 1987 ko 2000 da idonsu a hankali suke tafiya, wasu ma ba sa ƙarasawa. A wani zama, wani ɗalibi ya ce wa wani dattijo, tsohon malamin makaranta, "Baba, ai labari ne kawai." Dattijon ya buɗe wurin da ya naɗe gefen takarda, inda masu makamai suka tare mota suna tantance fasinja, ya ce, "Ɗana, na tsaya a irin wannan shinge a hanyar Kaduna. Sunana aka tambaye ni, daga nan aka ce in koma cikin mota. Wanda ke kusa da ni ba a ce masa ya koma ba."

Fushi ma iri biyu ne. Akwai na wanda aka yi wa addininsa ƙazafi, wannan yana da hujja, kuma amsar da ke biye ta nuna yadda ake tantance shi. Akwai kuma na wanda littafin ya nuna masa wani hali da ya san akwai shi a cikin mutanensa, ba ya dai so bare ya faɗa. Wannan na biyun ya kamata mutum ya zauna da shi tukuna kafin ya ɗora wa marubuci laifi.

Ta yaya zan bambance littafin da ke gargaɗi da wanda ke cinikin tsoro?

Abin da na fi dubawa shi ne masu ibada na cikin labarin. Shin akwai wanda yake salla ko yake zuwa coci da zuciya ɗaya, kuma shi ne mutumin kirki? Ko kuwa duk na kirki sai wanda ya yi sakaci da addininsa, duk mai riƙo da shi kuma mugu ne? In haka ne, marubucin ya riga ya yanke hukunci cewa imani kansa ne cutar, labarin kawai ya zo ya yi masa ado. Daga nan sai in duba ƙananan abubuwa. Wanda bai san yadda ake alwala ba, ko bai san Katolika daban ɗan Fentikostal daban ba, bai zauna da mutanen da yake rubutu a kansu ba, jin-ta-jin-ta ya tattara.

Sai batun wa ke cin riba. Mu nan mun san rikici ba ya tashi daga huɗuba kaɗai. A Zangon Kataf maganar sauya wa kasuwa matsuguni da tsohuwar taƙaddamar fili da sarauta ne suka kunna wutar, na 2011 kuma sakamakon zaɓe ne. Littafin da ya nuna ɗan siyasa da dillalin makamai da mai haƙon filin maƙwabcinsa ya fi kusa da gaskiya a kan wanda ya nuna jama'a sun wayi gari kawai sun tsani juna. A ƙarshe, ka ƙirga gawarwakin: na wane ɓangare ne aka ba su suna da uwa da 'ya'ya, na wane ɓangare ne aka bar su a matsayin adadi?

In aka auna na Ferrigno da wannan, a ganina ya ci rabi ya faɗi rabi. Musulminsa ba iri ɗaya ba ne, akwai masu sassauci, akwai masu tsanani, jarumin ma daga cikinsu ya fito. Amma da aka tono tushen makircin da ya kai ga raba ƙasar sai ya koma kan wani attajiri Musulmi mai burin mulkar duniya, wato dai tsoron da ya cika Amurka a shekarun da aka rubuta shi. Yana da daɗin bi, amma ba wurin koyon Musulunci ba ne, ba kuma wurin koyon yadda ƙasa ke rabewa ba.

An taɓa raba gari da katanga saboda addini da gaske, ko ƙagen marubuta ne?

An yi, wasu ma suna nan. A Belfast ta Ireland ta Arewa an fara gina katangu tsakanin unguwannin Katolika da na Furotesta a 1969. An yi sulhu a 1998, amma da yawansu na tsaye, wasu da ƙofofin da ake rufewa da dare. Lura cewa duka ɓangarorin Kiristoci ne. A Bairut, lokacin yaƙin basasar Labanan daga 1975 zuwa 1990, wani layi ya raba gabashin birnin na Kiristoci da yammacinsa na Musulmi, har ciyawa da bishiyoyi suka tsiro a kan titin saboda ba mai bi. A wuraren biyu ƙaurar tsoro ce ta fara tace unguwanni, shinge ya zo ya tabbatar da abin da ya tarar, kamar dai yadda aka bayyana a amsar da ta shafi Zariya.

To ba gara a rabu ɗin ba, kowa ya huta?

Wannan tambaya takan fito daga bakin wanda ya gaji, kuma ban raina gajiyarsa ba. Amma an gwada, sakamakon yana rubuce. A 1947 aka raba Indiya da Pakistan bisa addini. Lauyan Ingila da aka ba aikin shata iyakar, Cyril Radcliffe, bai taɓa taka ƙasar ba kafin nan, cikin kimanin mako biyar ya ja layin. Mutum wajen miliyan 15 suka bar gidajensu, dubban ɗaruruwa suka mutu a hanya, wasu ƙiyasin ma sun kai miliyan 1. Ƙasashen biyu sun gwabza yaƙi a 1947 da 1965 da 1971 da 1999. A 1971 Pakistan kanta ta tsage, gabashinta ya zama Bangladesh, alhali duka ɓangarorin Musulmi ne suka fi yawa, harshe da rabon mulki suka raba su. Indiya kuma har yau tana da Musulmi kusan miliyan 200, wato rabuwar ba ta ma raba ba.

Kusa da mu, Sudan ta Kudu ta ɓalle a ranar 9 ga Yuli 2011 bayan ƙuri'ar da kusan kashi 99 cikin 100 suka zaɓi rabuwa. Kafin ƙarshen 2013 ta faɗa yaƙin basasa tsakanin 'ya'yanta.

Sannan a Jihar Kaduna ina za a ja layin? Ta tsakiyar kasuwar Sabon Gari, ko ta harabar Jami'ar Ahmadu Bello? Musulmin Kafanchan da suka yi kaka da kakanni a can ina za su, Kiristocin Hausawa na ƙauyukan Zazzau kuma wace ƙasa za a ce tasu ce? Tsarin mulkin 1999 a sashe na 10 ya hana gwamnatin tarayya ko ta jiha ɗaukar wani addini a matsayin na hukuma, sashe na 38 ya ba kowa 'yancin addini, na 41 ya ba ɗan ƙasa damar zama a duk inda ya so. Aikin da ke gabanmu shi ne waɗannan sassa su yi aiki a unguwa, ba a takarda kaɗai ba.

Mene ne littattafan nan suka fi kuskurewa?

Suna ɗaukar kowane addini dunƙule guda, kamar kowa a cikinsa bakinsa ɗaya. Mutumin Zariya ya san ba haka ba ne. Ya san saɓanin Izala da Ɗariƙa, ya kuma san abin da ya faru a Disambar 2015 tsakanin sojoji da mabiya Harkar Musulunci, inda kwamitin binciken da gwamnatin jiha ta kafa ya tabbatar da mutuwar mutum sama da 300. Bam ɗin da ya tashi a sakatariyar ƙaramar hukumar Sabon Gari a Yulin 2015 bai tambayi ma'aikatan da ke layin tantancewa addininsu ba.

Babban abin da suka rasa kuma shi ne mutanen tsakiya. Wusasa tana nan tun 1929, lokacin da mishan ɗin da Dakta Walter Miller ya kafa a cikin birni ya koma can. Cocin St. Bartholomew ginin ƙasa ne irin na Hausa. A nan Janar Yakubu Gowon ya tashi. Farfesa Ishaya Audu, ɗan ƙasa na farko da ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975, Bahaushe ne Kirista. Akwai gidajen da wa Musulmi ne ƙane Kirista, naman layya ya shiga wannan ɗaki, shinkafar Kirsimeti ta shiga wancan. Marubucin da ya ja layi ɗaya a taswira bai san inda zai ajiye waɗannan gidaje ba, sai ya share su.

Haka nan ba kasafai suke nuna masu gyara ba. Imam Muhammad Ashafa da Fasto James Wuye sun yi gaba da juna a rikicin 1992, Wuye ya rasa hannunsa, Ashafa ya rasa malaminsa da 'yan'uwansa. A 1995 suka haɗu suka fara aikin sulhu tare a Kaduna, kuma suna cikin waɗanda suka tsaya har shugabannin addini 22 suka sa hannu a yarjejeniyar zaman lafiya ta Kaduna a Agustan 2002. Wata uku bayan nan wani rikicin ya sake ɓarkewa, ba su kuma daina ba. Wannan ma labari ne mai riƙe zuciya, ya fi na makashin haya wuyar rubutawa ne kawai.

An turo min hoton shafi ɗaya a WhatsApp an ce ga yadda ake zagin addininmu. In tura gaba?

Kada ka tura. A cikin labari mugu ma yana magana, kuma shafi ɗaya ba ya nuna ko bakin marubuci ne ko bakin wanda marubucin ke so ka ƙi. Suratul Hujurat aya ta 6 ta umarce mu da bincike kafin mu ɗauki labari, don kada mu cuci wasu cikin jahilci. A garin da ya ga abin da aka lissafa a sama, hoton shafi da ɗan rubutu mai zafi a ƙarƙashinsa ba ƙaramin abu ba ne. Nemi littafin, ko wanda ya karanta shi duka.

Zan iya ba ɗana ko 'yata ɗan sakandare ya karanta?

Ba don yara aka rubuta su ba. Iyaye su fara karantawa, saboda dalilan da aka ambata a amsar halacci. Wanda ya kai jami'a kuwa zai gamu da su ko an so ko ba a so, gara ya gamu da su yana da babba a kusa da zai tattauna da shi.

Muna so mu tattauna littafin, a cikinmu akwai Musulmi da Kirista. Yaya za mu yi kada a watse da rigima?

Sharaɗin farko shi ne wanda bai karanta ba ya saurara. Na biyu, a kan littafi aka taru, ba muƙabala aka zo ba, don haka wanda ya fara kawo wane addini ne gaskiya a dawo da shi kan shafi. Abin da ya fi yi mana amfani shi ne a bar kowa ya faɗi inda marubucin ya yi wa nasa addinin kuskure, sauran su ji ba tare da gardama ba, sannan a juya a tambayi kowa inda marubucin ya faɗi gaskiya a kan nasa mutanen. Zagaye na biyun ya fi nauyi, a nan ne kuma ake fara jin magana ta gaskiya. A bar dattawa su yi magana a ƙarshe, don in suka fara, matasa sukan yi shiru saboda kunya. In akwai wanda ya rasa wani nasa a rikici, shugaban zama ya sani tun kafin a fara, kada kuma a matsa masa ya ba da labari.

Me ya hana a rubuta irin wannan da Hausa? In ina so in gwada, ta ina zan fara?

Ba harshe ne ya gaza ba. Daga Zariya aka shirya gasar 1933 da ta haifar da ƙagaggun labaran Hausa na farko na boko, nan aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, nan kamfanin ɗab'in littattafai na NNPC (Northern Nigerian Publishing Company) ya kafu a 1966. *Tauraruwa Mai Wutsiya* na Umaru Dembo ya fita da mai karatu sararin samaniya tun 1969, *Ƙarshen Alewa Ƙasa* na Bature Gagare a 1982 ya nuna Hausa na ɗaukar labarin bindiga da ta'asa, da Maguzawa a tsakiyarsa. Abin da ke sa marubuta ɗari-ɗari shi ne tsoron a yi musu mummunar fahimta, ga kuma hukumar tace fina-finai da ɗab'i da Kano ta kafa a 2001, wadda duk mai son littafinsa ya shiga babbar kasuwar can sai ya yi la'akari da ita.

Ina ganin marubucin Zazzau ya fi na waje cancantar wannan labari, don ba ya buƙatar makamin nukiliya irin na labarin Ferrigno kafin ya raba ƙasa. Ya fara daga dillalin haya, daga makarantar da ajinta ya koma addini ɗaya ba tare da kowa ya shirya haka ba, daga ɗan acaɓan da ke cewa ba ya shiga unguwa kaza bayan magariba. Ya ƙagi sunan gari da na unguwanni, kada ya ɗora laifi a kan wata ƙungiya ko wani malami ko fasto da ke raye. Ya nisanci sa kalmar ɓatanci ga Allah ko Annabawa a bakin kowane mutum na cikin labarin, ko da mugun labarin ne, domin ana iya nuna mugunta ta hanyar aiki.

Ma'aunin da aka kawo a amsar gargaɗi da cinikin tsoro shi zai fara ɗora wa kansa. Kafin ya kai wa maɗaba'a ko ya fara sakin babi-babi a intanet, ya ba mutum biyu ko uku daga kowane addini su karanta, ciki har da mace da dattijo, ya roƙe su su ja layi a duk inda suka ji ba haka mutanensu ke magana ko ibada ba, ya gyara wuraren kafin littafin ya fita.